Yautai: abin da ya sa wanda ya bi shi yake shan dare

Duk wanda ya taɓa fita daga Damagaram bayan magariba a lokacin damina, ko ta hanyar Mirya ko ta Magarya, ya san jan ɗigon nan mai kama da garwashi da ke haskawa a tsakiyar hanya. Fitilar mota na dukansa amma ba ya motsi, sai an zo dab da shi sannan wani abu mai dogayen fukafukai ya tashi shiru ya yi gefe. Yautai ke nan. Hausawa sun yi masa kirari da mugun tsuntsu, wanda ya bi ka shi kan sha dare. Waɗanda suka yi kirarin sun lura da shi sosai: idan aka tashe shi da rana ba ya nisa, taku 20 ko 30 sai ya sake faɗawa ƙasa, yaro ya ce yanzu zan kama shi, ya matsa tsuntsu ya ƙara gaba, har rana ta faɗi yana daji hannu wofi. Sai dai babu mugunta a ciki. Abin da ke sa shi wannan hali yana da dalili, kuma dalilin a jikinsa yake.

Rayuwar yautai kaf ta rataya ne a kan abu biyu. Da ido yake farautar ƙwari masu tashi a cikin ɗan haske kaɗan, kuma a kan ƙasa tsirara yake wuni, a nan yake ƙyanƙyasa. Danginsa sun kusa iri 100 a duniya, kuma kusan dukkansu haka suke. Ba ɗan'uwan mujiya ba ne duk da sun yi tarayya a dare. Tsattsewa mai shawagi a sararin gari da rana ta fi kusanci da shi. Waɗanda ake gani a ƙasarmu yawanci tsawonsu santimita 20 zuwa 28 ne, nauyinsu kuwa kamar na ƙwan kaza ɗaya ko biyu. Fukafukai da gashi ne ke sa a ga kamar babba ne.

A duba bakinsa. Idan yana rufe, ɗan tsini ne kawai da bai kai faɗin farce ba, marar ƙarfi, ko ƙwayar gero ba zai fasa ba. Idan ya buɗe kuwa, tsagar tana kaiwa har ƙarƙashin ido, ƙashin muƙamuƙin ƙasa kuma ya baje gefe da gefe, bakin ya koma kamar bakin jaka. A gefen baki ta sama akwai jerin gashi masu tauri irin na gashin bakin kyanwa, suna kare ido daga ƙafafun ƙwaron da ke shure-shure. Ba ya tsinka abinci, ɗungum yake haɗiye shi yana cikin tashi: faɗa-wuta, buzuzu da danginsa, gyare, fara, sauro, da shinge ranar da ya ɓarke bayan ruwan farko. Ko ruwa a tashi yake sha, ya sauko ya shafi fuskar tafki da baki ya wuce. Ƙafafunsa gajeru ne, ba su da ƙarfin tafiya mai nisa, shi ya sa kullum ake ganinsa kamar a kwance. Idan ya hau reshe yakan kwanta ne bisa tsawon reshen, ba a gicciye kamar sauran tsuntsaye ba, sai ya zama tamkar kullin itace. A farcen yatsarsa ta tsakiya akwai haƙora ƙanana jere kamar mataji, da su yake gyara gashinsa.

Wannan bakin ne ya jawo masa sharri a wata nahiya. Tsofaffin Girkawa da Rumawa sun ga yana kewaya garken awaki da almuru, sun ga faɗin bakinsa, sai suka ce nono yake zuwa tsotsa, har akuya ta ƙafe. Zancen ya daɗe har ya shiga sunan da masana suka ba shi a 1758, Caprimulgus, wato mai tatsar akuya. Makiyayi a nan ma zai ga yautai yana shawagi a kan garke, kuma abin da ke kawo shi a fili yake: dabbobi suna tayar da ƙwari daga ciyawa, kashinsu kuma yana jawo buzuzu. Tsuntsu ba shi da leɓen tsotso.

Ido shi ne jarinsa. Manya ne ƙwarai idan aka kwatanta da kansa, kuma a bayan kowanne akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske kamar madubi, ta yadda hasken da ya shiga zai ratsa ido sau biyu. Shi ke ba da jan ƙyallin da direbobi ke gani. Jemage yana gane ƙwaro da amsa-kuwwar kukansa, don haka duhu bai dame shi ba. Mujiya tana da kunne mai jin motsin ɓera. Yautai ba shi da ko ɗaya a cikin waɗannan, dole sai ya gani. Dabararsa ita ce ya zauna ƙasa a buɗaɗɗen wuri yana kallon sama, domin ko da dare sararin sama ya fi ƙasa haske, ƙwaron da ya gifta sai ya fito baƙi a jikinsa. Yana gani sai ya zabura, ya cafke, ya dawo daidai inda ya taso. Wani lokaci kuma yakan yi ta shawagi ƙasa-ƙasa a gefen itatuwa da bakin tafki, yana juyi da sauri, fukafukansa ba su ƙara saboda laushin gashinsu.

To, a nan ne lissafin wata yake shigowa, kuma shi ne ɓangaren da ya fi daɗin fahimta ga mutanen da dama da kwanan wata suke ƙirga. Damagaram tana kusan digiri 14 arewa da layin tsakiyar duniya, almurunmu gajere ne, cikin ƙasa da awa guda bayan faɗuwar rana duhu ya rufe. A daren da babu wata, lokacin cin abincin yautai bai wuce wannan ɗan tsakanin ba, sai kuma irinsa kafin fitowar rana. Sauran daren a zaune yake. Daga 7 ga wata zuwa 14 kuwa, farin wata yana ƙara masa sa'o'i kullum, har daren 14 ya samu dare sukutum. Bayan nan wata yana jinkirin fitowa da kimanin minti 50 kowane dare, rabonsa ya riƙa raguwa. Masu bincike na jami'ar Lund da ke Suwidin sun ɗaura wa yautai 39 irin na Turai ƙananan na'urori, suka fitar da sakamako a 2019: farautarsu ta fi ninki biyu a dararen farin wata, kuma sukan tashi doguwar tafiyarsu ne kusan tare, kimanin kwana 10 bayan cikar wata, wato sai sun ƙoshi sun tara kitse. An kuma tabbatar a wasu irin na kudancin Afirka da na Amurka cewa sa ƙwai ma yana bin wata. Lissafin mai sauƙi ne. Idan mace ta sa ƙwai wajen 15 ga wata, ta yi kwanci kwana 17 ko 18, za a ƙyanƙyashe a farkon wata mai zuwa, lokacin da 'ya'yan suka kai kwana 10, suna tsananin buƙatar abinci, wata ya sake cika. Akwai ma wani ɗan ƙaraminsu a hamadar yammacin Amurka da idan sanyi ya kashe ƙwari yakan lafe a kogon dutse, jikinsa ya yi sanyi, ya yi makonni bai ci ba. Wani masani Edmund Jaeger ne ya tarar da shi haka a Kalifoniya a 1946.

Sunan ɗaya ne a bakinmu, amma yautai na jihar Damagaram ba iri ɗaya ba ne. Wanda aka fi haɗuwa da shi a gonaki da burtali shi ne mai doguwar wutsiya, namijinsa kan kai santimita 40 idan aka haɗa da wutsiyar, yana da farin layi a fiffike, kukansa kuma dogon kurrr ne da ba ya yankewa, kamar ƙarar ƙaramin inji daga nesa. Akwai wani marar zane sosai, ja-ja ko toka-toka, da ke hawowa Sahel ya hayayyafa idan ruwa ya kusa, rani ya yi ya koma kudu. A ƙasa mai ƙarancin ruwa irin ta Tanut da Gure zuwa gefen Tarmit akwai mai ruwan zinariya, launinsa kamar rairayin da rana ta daka, da ɗigo-ɗigon fari da toka. Shi ɗan Sahel ne, daga Senegal zuwa Sudan. Wanda ake kira na Masar, fari-fari, baƙon hunturu ne. Na Turai kuwa ɗan wucewa ne, yakan ƙetare Sahara da kaka, ya yada zango a Sahel, ya zarce har kudancin dazuzzukan Kwango, sannan ya koma da bazara.

Sai mai tuta, wanda ya fi tsorata mutane. Jikinsa bai fi santimita 23 ba, amma a lokacin neman mace namiji yakan fitar da gashi ɗaya tak a tsakiyar kowane fiffike, mai tsawo kusan ninki biyu na jikinsa. Sandar gashin tsirara ce siririya, sai can a ƙarshe take da faffaɗan baƙin ganye. Da almuru ba a ganin sandar, ganyen biyu kawai ake gani suna rawa a bayansa, mutum ya rantse tsuntsu ne wasu jemagu biyu suka biyo shi, ko kuma mai fukafukai huɗu ne. Idan yana nuna kansa ga mace sai ya ɗaga su tsaye bisa bayansa yana kewaya fili a hankali. Kukansa siriri ne kamar na ƙwaro. Da rani yake hayayyafa a dajin ciyawa na kudu, irin na tsakiyar Najeriya, sau da yawa a wurin da wuta ta ci ta wuce, idan damina ta kama kuma ya biyo ruwa arewa. Bayan an gama neman mata tutocin kan karye ko su zube, shi ya sa da yawa daga waɗanda ke isowa nan ba a bambanta su da sauran. Namijin wannan iri ba ya kwanci, ba ya reno, mace ce ke yin komai.

Yautai ba ya sheƙa, ko tsinke ɗaya ba ya ɗauka. Mace tana ajiye ƙwai 1 ko 2 a kan rairayi, ko faƙo, ko cikin busassun ganye a gindin sabara ko kalgo. Ƙwan bai fi santimita 3 ba, fari-fari ko mai ɗan ja, da dabbare-dabbaren ƙasa-ƙasa, idan ba a san yana wurin ba sai a taka shi. Garkuwarsa ita ce uwar da ke kansa. Zanen gashinta ya yi daidai da ɓawon itace da busasshen ganye, takan lafe, ta runtse manyan idanun su zama 'yar tsaga don kada ƙyallinsu ya tona ta, ba za ta tashi ba sai an kusa taka ta. Da bazara, lokacin da rairayin jigawa ke ƙona tafin ƙafa, aikinta ya fi zama yi wa ƙwai inuwa da ɗumama shi. Za a ga ta ɗan buɗe baki fatar maƙogwaronta na karkarwa da sauri, da haka take fitar da zafi, kuma hakan yana cin ruwan jikinta.

Yanzu kirarin ya warware kansa. Tsuntsun da ya dogara da ɓuya ba ya son daɗewa a sama da rana, inda shaho zai hango shi, zafi kuma ya cinye shi, don haka inuwa mafi kusa yake faɗawa. Idan kuma akwai ƙwai ko 'ya'ya, da gangan uwar take yi: ta faɗi kusa da kai tana jan fiffike kamar ya karye, tana birgima, ka bi ta, ta ƙara gaba, sai ta ga ta raba ka da wurin sannan ta tashi lafiya lau ta zagayo. Da wannan dabara take janye dila da kare da tunku, mutum ma haka take ɗaukarsa.

Saboda haka manomin da yautai ya tashi daga gabansa da rana yana wannan jan fiffike, ya tsaya cik, ya dubi ƙasa kewaye da ƙafarsa kafin ya ɗaga ta, ya koma da baya ta sawun da ya zo. Kada a tsaya kallo ko ɗaukar hoto, domin ƙwan da aka bari a rana tsaka da bazara cikin 'yan mintoci ɗan cikinsa zai mutu. Kada a yi masa rumfa ko a kewaye shi da duwatsu. Niyyar mai kyau ce, amma hankaka da kare suna lura da duk sabon abu a fili. Idan a cikin gona ne lokacin huɗa ko noma, a kafa kara taku 4 ko 5 daga wurin don mai garma ya sani, a bar ɗan fili kewaye. Ba a daɗe ana jira: kwanci kwana 15 zuwa 18 ne gwargwadon iri, 'ya'yan su tashi bayan wasu kwana 16 zuwa 20, duka wajen mako 5. Suna fitowa da ɗan gashi mai laushi, cikin kwana kaɗan sun fara rarrafawa zuwa inuwa, don haka idan aka dawo ba a same su a gurbin ba, sau da yawa suna gindin wata sabara kusa. Ɗan yautai da aka gani shi kaɗai ba maraya ba ne, iyayen na nan lafe, da almuru za su zo, ya kama bakin uwar ta amayo masa ƙwari.

Abin da ya fi kashe manyansu a idonmu shi ne hanya. Kwalta da hanyar jar ƙasa sun cika duk sharuɗɗan wurin farauta: fili ne buɗaɗɗe, ba ciyawar da ke tare ido, ana ganin sama sarai. Idon da aka gina don ɗan haske kaɗan, idan babbar fitila ta dake shi sai ya rufe, tsuntsu ya koma ga abin da ya saba, wato lafewa, ya tashi a makare, wani lokaci ma cikin hasken yake faɗawa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa ɗaya. Idan direba ya hango jan ido daga mita 100, daƙiƙa 4 da rabi ke gare shi. Ya ɗaga ƙafa daga mai, ya sauke babbar fitila zuwa ƙarama, ya ɗan danna oda, yawanci wannan ya isa. Kada a karkatar da mota ko babur don kauce masa, ran mutanen da ke ciki ya fi. Dararen farin wata na damina su ne suka fi yawansu a hanya.

Na biyu shi ne feshi, kuma shi ba a ganin gawa. Maganin da aka watsa wa fara ko tsutsa ba ya zaɓe, yana share ƙwarin dare gaba ɗaya, iyaye masu 'ya'ya a ƙasa kuma ba za su iya ƙaura ba. Abin takaicin shi ne aikin yautai da na manomi hanya ɗaya suka nufa. Murzuna mai cin zangarniyar gero 'yar wani faɗa-wuta ce da ke tashi da dare yana sa ƙwai a kan gero, irin abincin da wannan baki ya dace da shi. Ba za a ce yautai shi kaɗai zai kare gona ba, amma yana cikin masu ragewa, kuma kyauta yake yi. Akwai hanyoyin da ba su taɓa shi: 'yan jakunkunan ƙaramin zanzaron da cibiyar binciken noma ta INRAN ke yaɗawa a karkara don kashe murzuna, da maganin fara da aka yi da wani naman gwari, Green Muscle, wanda aka gwada a nan Nijar, fara da danginta kaɗai yake kamawa. Inda ya zama dole a yi feshi, a tsaya kan wurin da ɓarnar take, a bi ma'aunin da aka rubuta. Sauran haɗurran sanannu ne: kofaton garke a burtali, kyanwa da kare a gefen gari, da wutar daji idan ta zo lokacin da ƙwai ke ƙasa. Gonar da aka bar mata sabara da gawo, da ɗan ganye a gindinsu, kamar yadda manoman Mirya da Magarya da Matamaye suka saba, ta fi ba shi mafaka fiye da wadda aka share tas.

Mai son ya gan shi da kyau ya fita bayan gari minti 15 bayan faɗuwar rana, tsakanin 10 da 14 ga wata, a damina, ya nemi burtali ko saura ko bakin tafki. Ya fara da kunne. Idan zai haska, ya riƙe tocila a gefen kansa daidai ido, domin hasken da ke dawowa daga idon tsuntsu inda ya fito yake komawa, wanda ya riƙe ta a ƙugu ba zai ga ƙyallin ba. Da an gan shi a kawar da tsakiyar hasken gefe, kuma a sa takalmi rufaffe, lokacin fitar macizai ne.

Idan aka tsinci wanda mota ta buge yana da rai, zai wangale baki ja-jawur yana huci kamar maciji. Barazana ce kawai, bakin ba ya huda fata. A rufa masa ƙyalle, a haɗe fukafukan a jikinsa, a sa shi a kwali mai 'yan huji da tsumma a ƙasa, a ajiye a inuwa inda babu hayaniya. Kada a ba shi gero ko tuwo, ba ya tsattsagar abinci daga ƙasa, cikinsa ma ba na hatsi ba ne. Kada a ɗura masa ruwa, ƙofar numfashinsa a buɗe take a gindin harshe, ɗigo kaɗan ya shiga huhu ya kashe shi. Kejin waya kuma yana karya gashin fiffike. Da almuru a mayar da shi kusa da inda aka same shi, nesa da hanya, a ajiye shi ƙasa a buɗe kwalin a ja baya. Wanda buguwa ce kawai ta gigita shi zai tashi da kansa. Wanda fiffikensa ke reto ko ya juye, a kai shi wurin ma'aikatan gandun daji tun washegari da safe, domin tsuntsun da ba ya cin komai sai abin da ya kama a sama ba ya jure kwanaki a hannu.